Me ya kamata fom ɗin yanayin kaset ya ƙunsa kafin a juye tsofaffin bidiyo?

Mai_Tsaron_Taska

Assalamu alaikum, malamai. Akwai tarin kaset kusan 400 da za a fara juyewa zuwa kwamfuta. Mafi yawansu VHS ne da U-matic, sai Betacam SP kaɗan, da Hi8 da MiniDV. A cikinsu akwai kamar 30 da ba rikodin taro ko hira ba ne, ayyukan masu fasahar bidiyo ne da aka taɓa nunawa a zauren baje koli, wasu ma tare da talabijin ɗinsu suka zo.

Fom ɗin da ake cikewa yanzu gurbi uku gare shi: suna, tsawon lokaci, sai "yanayi", inda ake rubuta "mai kyau" ko "ya lalace". A ganina wannan bai isa ba, domin idan bayan shekara biyar wani ya buɗe fayil ya ga fararen layuka suna gilmawa, ba abin da zai gaya masa ko daga kaset ɗin ne, ko daga injin da ya karanta shi, ko kuwa haka mai aikin ya so. Me ya wajaba a rubuta, kuma a wane mataki? Sannan ayyukan fasahar nan, fom ɗaya zai ɗauke su tare da sauran, ko a ware musu nasu?

Gwanin_Zare

Wa alaikumus salam, Malama. Tambayar ta zo a kan gaɓa, tunda ba a fara kunna komai ba. Rubutu na farko ana yin sa ne kafin kaset ya kusanci inji, saboda kunnawar farko tana iya zama ta ƙarshe, kuma ko ba ta lalata shi ba, tana sauya yadda zaren ya naɗu, shaidar yadda aka ajiye shi ta tafi ke nan.

A fara da ba kowane kaset lambar da ba ta maimaituwa. A rubuta ta a jikin kaset da jikin kwalinsa, don kwali da kaset suna yawan musanyuwa. Lambar nan ita za ta zama sunan fayil daga baya. Sai hoto: gaba, baya, gefen da lebul yake, cikin kwali da duk wata takarda da aka cusa a ciki, da hoto ɗaya ta tagar kaset da haske a karkace domin naɗin zaren ya fito. Gani ya kori ji. Abin da ke rubuce a lebul a kwafe shi harafi da harafi, har da kuskuren rubutu da abin da aka soke. Fassarar mai cike fom tana da nata gurbin daban.

Sai asalin kaset: iri, kamfani, samfuri, tsawo, da lambar zubi, wato ta rukunin da aka ƙera tare, da ake bugawa a gefe ko a bayan kwanso. Mutane suna raina wannan lamba, alhali ita ke ceton lokaci. Idan kaset uku masu samfuri ɗaya suka nuna danƙo, sauran 'yan uwansu a ware su gefe tun kafin su toshe hed, wato kan da ke karanta zare a cikin inji. Ga U-matic a nemi alamar nau'in rikodi, ko ƙaramin zango ne, babban zango ne, ko SP, don ba kowane inji ke karanta duka ukun da launi ba. A rubuta tsarin siginar talabijin, PAL ne, NTSC ne ko SECAM, in lebul ya faɗa, a kuma sa alamar cewa lebul ne ya faɗa, ba a tabbatar ba tukuna.

Kafin a ci gaba, a kulle kaset daga rikodi, a rubuta yadda aka same shi da yadda aka bar shi. A VHS ana ɓalle ɗan harshen roba na gefe. A U-matic ana cire jan maɓallin da ke ƙasa. A Betacam ana danna jan toshi ciki. Hi8 da MiniDV ɗan maƙulli ne da ake turawa gefe.

Yanzu duban zaren kansa. A sa safar hannu mara hoda, a ɗaga murfin gaba a hankali. Kalmar "ya lalace" a cire ta daga fom ɗin gaba ɗaya, a maye ta da abin da ido ya gani da wurin da ya gan shi. Naɗin a shafe yake, ko akwai zaren da ya yi tsalle sama da 'yan uwansa? Ya yi hawa-hawa kamar matakala? Akwai rata a cikin naɗin da haske ke ratsawa? Ya zame ya jingina da bangon kwarkwaro? Bakin zaren ya yi lanƙwasa ko yamutsa? An bar shi a tsakiya ba a mayar da shi farko ba, kuma kamar kashi nawa ke kowane kwarkwaro? Wannan na ƙarshe yana da amfani, domin ɓangaren da ya shekara a bakin kaset shi ya fi shan ƙura da laima, kuma a nan ake sa ran ganin matsala a hoto.

Hanci ma kayan aiki ne. Warin kakin zuma ko na safa mai datti alama ce ta cewa danƙon da ke riƙe da hodar maganaɗisu ya fara ruɓewa. Danƙon nan yana shan laimar iska, sinadarinsa ya warware, zaren ya riƙa mannewa yana zubar da baƙin gari a kan hed. Warin ruwan tsami da ake ji a tsohon fim ba a sa ran jin sa a kaset ɗin bidiyo, don gindin zarensa foliyesta ne ba asitet ba. Idan an ji shi, a duba abin da aka ajiye kusa da shi, a rubuta.

Farin abu a gefen naɗi kashi biyu ne, kuma kada a yi gaggawar ba shi suna. Fumfuna tana da zare-zare kamar auduga, tana bazuwa a zagaye. Man da ke sa zare santsi, idan ya fito waje, ƙyalli yake yi kamar gishiri. A duba da gilashin ƙara girma, a rubuta siffar. Wanda ake zargin fumfuna ce, a sa takunkumi, a rufe shi a leda shi kaɗai, kada ya shiga inji, domin inji ɗaya zai raba ta ga duk kaset ɗin da ya biyo baya. Fumfuna tana samun gindin zama ne idan laima ta wuce kashi 65 cikin 100 ta daɗe a haka, shi ya sa ya kamata ma'aunin zafi da laima na ɗakin ajiya ya shiga cikin bayanan tarin. Ƙa'idar ISO 18923 ta ajiya mai tsawo tana haɗa su biyu-biyu: digiri 23 da laima kashi 20, digiri 17 da kashi 30, ko digiri 11 da kashi 50. Ba a son a sauka ƙasa da digiri 8. Kaset da ya fito daga ɗaki mai sanyi a bar shi aƙalla awa 24 a ɗakin aiki kafin a kunna, lokacin fitarsa ma a rubuta.

Kowane layi a fom ya ɗauki kwanan wata da sunan wanda ya duba. Ba a goge tsohon bayani, sabo ake ƙarawa a ƙarƙashinsa. Da haka ne ake gane ko tabon da aka gani bara ya ƙaru bana.

Injiniyar_Sigina

Malam ya gama da abin da ake gani a hannu. Ni zan ɗora daga lokacin da kaset ya shiga inji, don a nan ne tambayar Malama ta ainihi take: laifin wa ne?

Amma da farko ina da ɗan saɓani. Na yarda a cire "mai kyau" da "ya lalace" a matsayin bayani, sai dai kaset 400 suna buƙatar gurbi ɗaya na fifiko, daga 1 zuwa 4 misali, don a san wanda za a fara da shi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Sharaɗin kawai a rubuta ma'anar kowace lamba a saman fom, a kuma gina ta kan abu biyu: halin zaren, da ƙarancin injin da zai karanta shi. U-matic ya fito tun 1971, injinansa masu lafiya suna ƙaranci, don haka U-matic mai wari yana gaban Betacam SP mai tsabta. VHS ma ba a sake da shi ba, tunda kamfanin Funai, na ƙarshe mai ƙera injinsa, ya daina a 2016.

Rajistar juyi tana farawa da jerin na'urori, daga farko har ƙarshe, yadda wani zai iya sake haɗa su: samfurin inji da lambar siriyal, na'urar daidaita lokacin sigina wato TBC, ko ta cikin inji ce ko ta waje, irin wayar da aka ɗauko hoto da ita, katin da ya mayar da sigina lambobi, manhaja da sigarta. Lambar siriyal ba ado ba ce. Idan aka gano bayan wata uku cewa inji ɗaya yana karce zare, da ita za a zaƙulo duk kaset ɗin da ya bi ta cikinsa. A rubuta lokacin da aka goge hed na ƙarshe. Gogewar da sifirit aisofurofil mai ƙarfin kashi 99 ake yi, da ƙyalle mara gashi, a dafa shi a jikin gangar da ke ɗauke da hed a juya gangar da yatsa. Ba a goga sama da ƙasa, hed ɗin karyewa yake. Idan ƙyallen ya fito da baƙi ko ruwan ƙasa bayan wani kaset, wannan bayanin na fom ɗin kaset ɗin ne, tare da hoto.

Duk maɓallin da aka taɓa a rubuta matsayinsa: tirakin mai daidaita hed da layin rikodi, ƙarfin jan zare a U-matic, matakin baƙi, matakin fari, ƙarfin launi, da karkatar launi idan NTSC ne. Idan akwai sandunan launi a farkon kaset, da su ake saiti, a rubuta haka. In babu, a rubuta da wane wuri aka yi. A lambobi masu bit 10, baƙi yana 64, fari yana 940, abin da ya haura iyaka ana iya yanke shi har abada. Na'urorin rage hayaniyar hoto da ƙara kaifi a kashe su, a rubuta "a kashe". Mai cike gurbin ɓacewar sigina kuwa, wanda ke aron layin sama ya toshe ramin, a faɗi ko yana kunne, domin yana ɓoye shaida. Ga VHS a rubuta saurin rikodi, SP ko LP ko EP, da kuma wane sauti aka ɗauka, na Hi-Fi ko na layin gefe. Wani lokaci abin da ke cikinsu ba ɗaya ba ne, don haka a saurari duka biyun.

To, ga yadda ake raba laifi. An ga farin ɗigo mai wutsiya a minti 12 da daƙiƙa 40. A mayar baya a sake kunna wurin. Idan ya ɓace ko ya sauya wuri, datti ne ko inji. Idan ya tsaya, a goge hed, a gwada a inji na biyu. Idan har yanzu yana nan, saura abu biyu: ko zaren da ke hannu ne ya ji rauni, ko kuwa raunin na kaset ɗin da aka kwafo daga gare shi ne tun da can. Ma'aunin ƙarfin siginar RF, wato ɗanyen siginar da hed ke ɗaukowa daga zare, ke raba gardama. Idan ya faɗi daidai wurin, raunin a zaren nan yake. Idan bai motsa ba, hoton raunin aka naɗa, kuma babu gogewar da za ta cire shi. A rubuta lokaci, siffar abin, gwajin da aka yi, da hukunci, kowanne a gurbinsa. Inda gwajin bai kammala ba, a rubuta "ba a tantance ba". Ya fi hasashe daraja.

Akwai abubuwan da ba cuta ba ne, halin tsarin ne. Yamutsin layukan ƙasan hoto a VHS da U-matic wurin da hed ɗaya ke miƙa wa ɗaya ne. Tsohuwar talabijin tana ɓoye shi a bayan bakin kwansonta, kwamfuta kuwa tana nuna shi. Kada a yanke shi a babban fayil, wato fayil ɗin asali na ajiya. Don sunaye su zama iri ɗaya tsakanin ma'aikata, a jingina da kundin AV Artifact Atlas, yana da misalin kowace matsala a hoto.

Babban fayil ya riƙe sigina yadda take: ɗigo 720 sau 576 da firem 25 a daƙiƙa ga PAL, ɗigo 720 sau 486 da firem 29.97 a daƙiƙa ga NTSC, layukan a saƙe yadda suke ba a narkar da su ba, tunda kowane firem rabi biyu ne da aka saƙa, a rubuta wane rabin ke zuwa farko. Wanda ba a matse ba mai bit 10 yana cin kusan gigabait 100 a awa. Tsarin matsewa na FFV1 a cikin fayil irin na Matroska yana rage wannan sosai ba tare da asarar ko ɗigo ba. MiniDV daban yake: lambobi ne tun asali, a kwashe su kai tsaye ta wayar FireWire, kusan gigabait 13 a awa, a adana rahoton kurakurai da manhajar DVRescue ke fitarwa. Da zarar fayil ya kammala a fitar masa da hatimin MD5 ko SHA-256, wato lambar da ke nuna ko fayil ya sauya daga baya, a ajiye rahoton manhajojin MediaInfo da QCTools kusa da shi. Kuma mutum ya zauna ya kalla, ya rubuta ko duka ya kalla ko tsinta ya yi.

Mai_Tsaron_Taska

Allah Ya saka muku da alheri. Gwajin RF ɗin nan ya warware mini ƙulli babba. Saura biyu. Kaset mai danƙo da aka gasa, me ake rubutawa a kansa? Sannan har yanzu ina jiran mai magana kan ayyukan fasahar.

Gwanin_Zare

Gasa kaset magani ne na ɗan lokaci. Zafi yana korar laimar da danƙon ya sha, zaren ya karantu na 'yan makonni, daga baya ya koma gidan jiya. Ana yin sa a tanderun ɗakin gwaji mai riƙe zafi daidai, tsakanin digiri 50 zuwa 55, daga awanni zuwa kwana guda ko fiye gwargwadon kaurin naɗi, sannan a bar shi ya huce a hankali. Tanderun girki ba ya wannan aiki, zafinsa hawa da sauka yake. A rubuta dalilin da ya sa aka yanke shawarar, wanda ya amince, digiri, awa nawa, lokacin hucewa, ranar da aka kunna, da sakamakon. Ba a gasa mai fumfuna kafin a tsabtace shi, ba a kuma gasa Hi8 mai alamar ME ko MiniDV, don rufin ƙarfensu ba irin danƙon nan ba ne. Haka duk wani taɓi: sauya kwanso, ɗinke zaren da ya tsinke, bi ta injin gogewa sau nawa. Tsohon kwanson da aka cire a ajiye shi da lambarsa, lebul ɗinsa shaida ne.

Batun lambar fifiko kuma, Injiniya, na karɓa, matuƙar ba ta zama uzurin barin sauran guraben a wofi ba.

Mai_Kula_Da_Zaure

Malama, ayyukan 30 ɗin nan duk abin da aka faɗa a sama ya hau kansu, sai dai bai wadatar ba, domin kaset ɗin ɓangare ne kawai na aikin. A buɗe wa kowanne fayil nasa.

Haɗarin farko shi ne gyara abin da ba lalacewa ba ne. A aikin mai fasahar bidiyo Joan Jonas na 1972 mai suna Vertical Roll, hoton yana ta mirginawa a tsaye daga farko har ƙarshe, kuma mirginawar ita ce aikin. Masu fasaha Steina da Woody Vasulka ma sun shekara suna murɗa siginar bidiyo da gangan. Ma'aikacin da bai san wannan ba zai rubuta "matsalar daidaito", na bayansa kuma ya nemi manhajar da za ta miƙe hoton. Saboda haka gurbin hukunci a fom ɗin waɗannan ya ƙaru da zaɓi ɗaya: "da niyyar mai aikin", tare da hujja, wato wa ya faɗa, yaushe, a rubuce ko a hira. Idan mai aikin ko mataimakinsa na raye, a zauna da shi a kalli fayil ɗin tare, a naɗi zaman. Kafin a same shi, ba a gyara komai.

Sai matsayin kowane kaset. Wanne ne uwa, wato na asali, wanne ne kwafin ajiya, wanne ne kwafin nuni da ya sha kunnawa dare da rana? Lebul yana iya cewa uwa alhali jika ne. A kwatanta tsawo, kaifin hoto, da raunukan da aka gada, a zana bishiyar zuriyarsu.

Gidan adana fasaha na Guggenheim da ke New York ya raba bayanan irin waɗannan ayyuka gida biyu, kuma rabon yana da hikima. Rahoto na farko na ainihin aikin ne: abin da idan ya sauya aikin ya tashi daga kansa. Allo nawa, a jere ko a tare suke tafiya, me ke haɗa tafiyarsu, sauti daga ina yake fitowa, duhun ɗaki, girman hoto da tsayinsa daga ƙasa, ko yana zagayowa ba tsayawa, da daƙiƙa nawa na baƙi tsakanin zagaye. Na biyu ana cike shi duk lokacin da aka kafa aikin: wane majigi aka sa, nisansa da bango, ƙarfin sauti a ma'auni da wurin da aka tsaya aka auna, wa ya yanke kowace shawara, me aka sauya kuma don me. Shirin Matters in Media Art, na haɗin gwiwar gidajen adana fasaha na Tate da MoMA da SFMOMA da gidauniyar New Art Trust, yana da samfuran fom da za a iya farawa da su.

Talabijin ɗin da suka zo da ayyukan kuwa, tambayar farko a kan kowacce ita ce: kayan aiki ce da wata za ta iya maye gurbinta, ko jikin aikin ce? Hasumiyar mai fasaha Nam June Paik ta 1988 da ke gidan adana fasahar zamani na Gwacheon a Koriya ta Kudu, mai talabijin 1,003, an kashe ta a 2018 saboda tsufan na'urorin, sai a 2022 aka sake kunna ta, bayan an gyara mafi yawa, wasu kuma an sa musu allon zamani a cikin tsohon kwanso. Shawara irin wannan ba ta yiwuwa sai an san halin kowace guda. Don haka kowace talabijin mai kwalba ta samu lambarta da shafinta: samfuri, siriyal, girman allo, karce ko fenti ko sa hannun mai aikin a jikin kwanso, tabon ƙuna a fuskar kwalba, haske, karkatar launi, ko layuka suna miƙe a gefuna, matsayin kowane maɓalli a hoto, da awannin da take yi a kunne a kowane nuni. A yi gwajin da hoton gwaji ɗaya kullum, bayan ta yi kamar rabin awa a kunne, in ba haka ba awon bana ba zai kwatantu da na baɗi ba. Wadda ta shekara a ajiye kada a soka ta a wuta kai tsaye, kafasitocinta na iya bushewa ko yoyo. Buɗe bayanta aikin ƙwararre ne, kwalbar tana aiki da dubban bolt kuma tana riƙe caji bayan an zare waya. Duk kayan da ya cire a zuba su a leda, a rubuta lambar talabijin da kwanan wata a jiki, a ajiye tare da fayil ɗin aikin.